Giginyar da Ta Zama Dutse

Akwai wani manomi da yake noman shinkafa a wani tsibiri a tsakiyar kogi, shi da matarsa. A bakin gonarsa akwai wani babban gungumen giginya, rabinsa binne cikin yashi, yana nan tun kafin kakanninsa. Kwalekwalen mutumin nan kuwa ya ruɓe.

Matarsa ta ce, “Maigida, damina ta yi nisa, ba mu da abin ƙetarewa.”

Ya ce, “Ga gungume can. Ran da na so, sai in fafe shi.” Amma ko sau ɗaya bai je ya ƙwanƙwasa shi ba.

Wata safiya suka tashi, kogi ya cinye rabin gona, yana ta hauhawa. Mutumin ya ɗauki gatari a guje, ya kai wa gungumen sara. Sai wuta ta yi tartsatsi, bakin gatarin ya karye. Ya durƙusa ya shafa. Ga zanen itace, ga gurbin da ganye ya fita, amma sanyi ƙalau. Shekara da shekaru ruwa da ƙasa suna ratsa shi a hankali, har ya zama dutse.

Ruwa ya kai musu gwiwa. Matar ta yi kuka ta ce, “Maigida, mun hallaka!”

Ya waiga ko'ina, ba tudu. Sai wata goruba mai rassa, wadda bai taɓa kula da ita ba. Ya tura matarsa sama, ya bi ta. Ruwa ya yi ta dukan gorubar, tana rawa, amma saiwoyinta suka riƙe. Sai washegari wasu masunta suka zo da kwalekwale, suka sauko da su. Shinkafa da bukka kuwa, kogi ya tafi da su.

Ma'anar wannan misali ita ce: gungumen nan bangaskiya ce da mutum ya gada, ya ajiye. Suna na nan, zuwa sujada na nan, amma addu'a ta daina, tuba ta daina, zuciya tana taurarewa kaɗan-kaɗan ba a sani ba. Gorubar kuwa Ubangiji ne mai rai, wanda yake riƙe duk mai kama shi. 'Yan'uwa, kowa ya gwada zuciyarsa yau, tun ƙafarsa tana kan busasshiyar ƙasa.