Ɗakin da Ganye Ba Ya Faɗuwa

Akwai wata mata, ana ce da ita Damaris, mai son renon furanni a cikin tukwane. Falonta cike yake da su, har bakin taga. Wanda ta fi ƙauna shi ne wani fure da ake kira okid, wanda mijinta ya kawo mata kafin ya rasu. Shi okid ba a ƙasa ake shuka shi ba, sai cikin ɓawon itace da gawayi. Yakan yi fure, ya zubar, sa'an nan ya zauna watanni tsirara, daga ganye uku sai saiwoyi. Haka Allah ya yi shi.

To, Damaris ba ta iya jure wannan zaman ba. Matan zumuntar majami'arsu za su zo gidanta ranar Alhamis, a ce su tarar da sanda a tukunya? Sai ta sayo furen roba a kasuwa, ta ɗaura shi da zare a jikin okid ɗin. Matan suka zo suka yi ta yabo, har da ɗaukar hoto.

Abin ya yi mata daɗi. Daga nan duk tukunyar da ta fara yaushi, sai ta soka mata na roba. Da yake kullum suna nan kore shar, ta soma mantawa da ba su ruwa. Tsumma kawai take ɗauka ta goge ƙura.

Bayan shekara biyu ƙanwarta Afiniki ta kawo mata ziyara da tsakar rana. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shiga.

"Yaya, ɗakin nan bai yi mini ba."

"Me ya same shi? Ba ki ga kyau ba?"

"Na gani. Amma ba ƙamshi, ba ko tururuwa. Yaushe rabonki da share ganye ɗaya a ƙasa?"

Damaris ta yi ta tunani, ta kasa tunawa. Ta ce, "Na maigida dai yana nan da rai."

Ta sa hannu cikin tukunyarsa. Saiwoyin suka marmashe a yatsunta kamar tsohon bunu. Furen robar kuwa yana tsaye, fari tas, ko motsi bai yi ba. Ta bi sauran tukwanen ɗaya bayan ɗaya, babu mai rai. Abin da ya fi sa ta kuka shi ne ba ta ma san ranar da ya mutu ba.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Okid ɗin bangaskiyarka ce. Takan yi lokacin fure, takan yi lokacin da ba abin nunawa, kuma Ubangiji bai ce wannan abin kunya ba ne. Ruwan shi ne addu'ar da kake yi ba wanda ya gani. Furen roba kuwa shi ne "lafiya lau" ɗin da muke ce wa juna a ƙofar majami'a alhali ciki ya bushe. Ni abin da ke ba ni tsoro, robar ba mutane kaɗai take ruɗa ba, har da mai ita. Idan ka koma gida yau, kada ka duba fure. Sa hannu ka taɓa saiwa tun tana da sauran ɗanshi.