Fijon Inna Tabawa

Ku gyara zama, ga wata nan. Ku saurara da kyau, don in ta ƙare ku ne alƙalai.

A Funtuwa, can bayan tsohuwar tasha, akwai wata dattijuwa da ake kira Inna Tabawa. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Sha'aibu, kuma shi ne ɗan farinta. Kun san halin iyayenmu na da a kan ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan". Ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta tambayarsa abin da yake ciki. In ya shigo da tsire ya ajiye a gabanta, sai ta kau da kai ta ce a miƙa wa maƙwabta, ko da yake kashegari a ɗakinta ake ganin takardar.

A jikin zauren gidan akwai gareji, a ciki kuma akwai wata tsohuwar Fijo ruwan toka, irin wadda ake ce wa fo-o-fo. Da ita mahaifin Sha'aibu ya yi ta jigilar fasinja tsakanin Funtuwa da Zariya har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan rasuwarsa motar ta shekara goma sha bakwai a zaune. Tayoyi suka lotse, kaji suka mai da kujerar baya wurin saka ƙwai. Sha'aibu ba bakanike ba ne, ɗinkin buhu yake yi a kasuwar hatsi. Amma wata rana bayan la'asar sai ya shiga garejin ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo. Daga ranar kuwa, kullum ya taso kasuwa, can yake nufa.

Da yake karatunsa bai yi nisa ba, bai rubuta komai a takarda ba. Ga yadda yake yi: duk abin da ya kwance, sai ya zuba notinansa da ƙusoshinsa a gwangwanin madara guda, ya ajiye a gindin bango. Na gaba ya ajiye kusa da shi. Haka gwangwanayen suka jeru tun daga bakin ƙofa har suka kewaye ɗakin, kusan tamanin. Ranar da za a haɗa mota, sai a fara daga na ƙarshe a biyo baya. Bangon nan shi ne littafinsa.

Shekara uku Inna Tabawa tana jin ƙwas-ƙwas ɗin ƙarfe daga madafa, tana kuma jin muryarsa ƙasa-ƙasa, don yana aiki yana yi wa motar magana kamar mai lallashin akuya. Sau da yawa ta zo wucewa ta bakin ƙofar da buta a hannu, ta rage tafiya, sannan ta wuce. Ba ta taɓa leƙawa ba.

Sai zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi, ranar wata Talata, yana da shekara ashirin da tara.

Masu ta'aziyya suka yi yawa, zaure ya kasa ɗaukarsu. Aka ce a buɗe gareji a shimfiɗa tabarmi a gindin bango. Matan unguwa suka shiga da tsintsiya. Suka ga gwangwanaye sun tare wuri, sai suka juye su duka a buhu ɗaya, don kada abin mamaci ya ɓace, suka ɗaure bakin buhun tam. Gwangwanayen da tsummokaran da ke ƙasa kuwa aka kwashe aka kai juji. Ba wadda ta yi da mugunta. Kowacce tana shara tana share hawaye.

Bayan sadakar arba'in, sai ga Baffa Ilu, ƙanen mijinta, wanda suke zaune gida ɗaya. Ya tsuguna daga bakin ɗakinta ya ce, "Yaya, wallahi ba son raina ba ne. Auren ɗana Nafi'u bayan Babbar Sallah ne, kin kuwa san babu ɗaki sai garejin nan. 'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, sun zo sun duba motar. Sun ce a yini ɗaya za su farfasa ta su kwashe."

Ta ce, "Da me za su farfasa ta?"

Ya ce, "Da guduma mana."

Da ya tafi ta dafa bango, ta shiga garejin, karon farko. Ta ga motar a kan duwatsu, ba ƙofofi, ba kujeru, cikin bonet wayam. Amma jikin ya sha gugar hannu, ba ɗigon tsatsa, santsi kamar bayan ƙwarya. Ta kwance bakin buhun ta tura hannu, ƙarafa masu sanyi suka zubo tsakanin yatsunta. Me yaron nan yake yi a nan shekara uku? Me yake faɗa wa motar? Tambayar da ba ta yi ba yana raye, ita ce ta hana ta sakat.

Sai ta aika aka kira mata abokansa uku: Mamuda mai gyaran agogo, da Ƙasimu direban babbar mota, da Tanimu, makaho mai tufkar igiya, wanda kullum da yamma yake zama a bakin garejin da kabarsa.

Ta ce, "Ni ban san abin da yaron nan yake yi ba, ban kuwa tambaya ba lokacin da ake tambaya. Yanzu ina so in sani. Duk wanda ya sa motar nan ta fita daga ɗakin nan da ƙafarta kafin Sallah, na ba shi ita. Ni dai in ji kukanta."

Saura wata uku Sallah.

Mamuda ne ya fara. Ya rufe teburinsa na bakin kasuwa, ya zo ya shimfiɗa farin zane a ƙasa, ya juye buhun. Duk wanda ya leƙo sai ya girgiza kai, don noti ya fi dubu, kuma a idon mutum duk ɗaya ne. Shi kuwa ya maƙala ɗan madubin nan nasa na ido ɗaya, ya ɗauki noti yana juyawa. Ya lura kowane noti da ya shekara arba'in a wuri ɗaya ya bar zobe a jikin fenti, fentin ma ya bar tabo a jikinsa. Sai ya riƙa bin jikin motar rami-rami, yana gwada tabo da zobe, kamar mai neman uwar ɗan da ya ɓata a kasuwa. Wani notin ya same shi nan take, wani ya ci masa yini biyu. Na injin ya gane su da baƙin mai, na ƙofofi da jan ƙasar da ta maƙale musu. Inna ta fara kawo masa kunu da kanta, ta ajiye, ta tsaya. Wata rana ta ɗauki wani ƙarfe ta ce, "Wannan fa, me yake yi?" Ya ce, "Shi ne ke riƙe birki, Inna." Ta juya shi ta ce, "Ɗan wannan?" Kwana arba'in da bakwai ya yi a durƙushe, har idonsa na dama ya riƙa zubar da ruwa, masu kawo agogo suka koma wurin wani. Amma injin ya koma mazauninsa, ƙofofi suka rufu, kujeru suka zauna. Abu ɗaya ne ya rasa inda za shi: wani farantin ƙarfe mai 'yan ƙwallaye a ciki, da ɗan maɓalli a gefe. Bai yi kama da kayan motar ba, sai ya jingine shi a lungu. Abu ɗaya kuma ya nema ya rasa: kafireta, wadda ke haɗa fetur da iska ta ba injin. Ashe a tsumma Sha'aibu ya naɗe ta, ta bi shara.

Nan Ƙasimu ya miƙe. Ya je juji ya tona, bai samu ba. Ya je kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano, aka yi masa dariya, wani ya ce masa, "Malam, ko kakata ta fi wannan kafiretar sauƙin samu." Ya je Panteka a Kaduna, aka ba shi wata, ya kawo, bakinta bai hau ba. Ya riƙa tambayar direbobi a kowace tasha, har wani mai ɗaukar albasa ya ce ya taɓa ganin injin irin wannan mota a wani lambu, can gaba da Damagaram, wani tsoho yana jan ruwa da shi. Ƙasimu ya miƙa makullin babbar motarsa ga maigidansa, ya san kuwa kafin ya dawo an ba wani. Ya kama hanya. Ya sami tsohon, ya gaya masa abin da ya kawo shi. Tsohon ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce. In na cire ta, albasata ta mutu." Ƙasimu ya ce, "In na shayar da albasar fa, har a ƙera maka wata ta hau?" Tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Da wannan tumbin?" Kwana goma sha ɗaya Ƙasimu yana jan guga daga rijiya yana bin kwami-kwami, yayin da wani maƙerin garin yake gyara bakin wata kafiretar don ta hau injin tsohon. Ya dawo Funtuwa tafin hannunsa duk ya sale, wandonsa yana zamewa, kafireta tana cikin hularsa. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta sunsuna, ta ce, "Wannan abin kamar butar shayi, shi ne ka je har wata ƙasa?"

Aka ɗaura ta. Aka sa tayoyi da batir, aka zuba mai. Ƙasimu ya yi bisimilla ya murza makulli. Shiru. Ko tari motar ba ta yi ba. Aka kira bakanike, ya bi wayoyi, ya ce marigayin ya cire tsofaffin ya ja sababbi yadda ya ga dama, shi bai gane kansu ba. Kwana shida ana murzawa. Saura kwana huɗu Sallah, Baffa Ilu ya sa aka sauke yashin gyaran ɗaki a ƙofar gida.

Duk wannan lokaci Tanimu yana bakin ƙofa yana tufka, bai taɓa ko sifana ba. Ran kwana na shida haushi ya kama Ƙasimu, ya kai wa farantin nan na lungu shuri. Farantin ya faɗi, ƙwallayen ciki suka yi gurrr. Tanimu ya saki igiyarsa.

Ya ce, "Mene ne wannan ya yi kuka?"

Mamuda ya ce, "Wani tarkace ne da ba na motar ba."

Tanimu ya ce, "Kai, mai ido huɗu, wa ya gaya maka ba na motar ba ne? Miƙo shi."

Ya shafa shi, ya juya. Sannan ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashin Inna, ya ce, "Inna, ɗanki ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba sai motar ta tashi. To ga shi ba za ta tashi ba sai na faɗa. Allah ya yafe mini. Wannan a ƙarƙashin kujerar gaba yake zama, ta gefen fasinja. Ya ce gwiwoyinki sun daina lanƙwasuwa, shekara shida ba ki shiga mota ba, ko bikin 'yar ƙanwarki a Zariya ba ki je ba. Shi ne ya ƙera wannan, don kujera ta juyo waje, ki zauna kamar a bakin gado, sannan a juya ki ciki. Ya kuma bi da wayar makulli ta cikin maɓallin nan. Sai kujera ta koma ta ce ƙwas, sannan wuta za ta wuce. Ina zaune a nan na ji yana gaya wa motar, 'Ba za ki tashi ƙafar Inna tana waje ba.'"

Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Aka cire kujerar. A ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa aka sami wayoyi biyu a naɗe, suna jira. Tanimu yana faɗar yadda ya ji ana yi, Mamuda yana ɗaurawa. Aka juyo da kujera waje, Inna ta zauna ba tare da an kama ta ba. Aka juya ta ciki, kujerar ta ce ƙwas. Ƙasimu ya murza. Motar ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta kama kuka, wani kuka mai kauri da tsofaffin unguwa suka gane tun daga gidajensu. Ta fito daga garejin a hankali, ta kewaye tulin yashin Baffa Ilu, ta je har bakin titin Zariya ta dawo. Duk tafiyar tafin Inna yana kan gefen kujerar.

Da aka tsaya, Ƙasimu ya zare makullin ya sa mata a hannu. Mutane suka taru, kowa ya san alkawarin da ta yi.

Ƙasimu ya ce, "Inna, ki duba hannuna. Mamuda kuwa ko keke bai iya ba."

Mamuda ya ce, "To da ka kawo butar shayin taka, a kan me za ka ɗaura ta? A kan buhu?"

Tanimu ya ce, "Ku biyu da idanunku kwana shida kuna murza makulli. Ni dai in an ba ni, zan ɗauke ku aiki."

Aka yi dariya, har da Inna, hawaye yana bin kumatunta. Ta dubi Mamuda, wanda ba don shi ba da har yau motar tana cikin buhu. Ta dubi Ƙasimu, wanda ya bar aikinsa ya je ya shayar da albasar wani. Ta dubi Tanimu, wanda bai ɗaura noti ko ɗaya ba, amma shi kaɗai ya saurari yaron nan. Mota ɗaya ce, ba ta rabuwa uku, kuma bakinta ya riga ya faɗa a gaban shaidu.

To, jama'a, makulli yana hannun Inna Tabawa. A tafin wa za ta sa shi?