Barmo da Kajin Dila

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

A wani gari an yi wani manomi, sunansa Barmo. Yana da gonar masara a bakin fadama, ba ta taɓa barin gidansa da yunwa ba. Ran nan a kasuwa sai ya ga Dila ya sauke kiret-kiret na ƙwai, kafin azahar ya sayar da su tas.

Sai Barmo ya bi shi. "Malam Dila, ashe haka sana'ar nan take da daɗi?"

Dila ya ce, "Kai sau ɗaya kake girbi a shekara. Mai kaza kullum kaka yake yi."

"Nawa 'yan tsaki ɗari biyar?"

"Haba, tsakaninmu har da maganar kuɗi? Ba ni gonar nan da ke karya maka baya."

Barmo ya ba da gonar, ya koma gida da 'yan tsaki yana fito. Matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, ka tambaye shi me suke ci?"

Ya ce, "Ke dai tanadi kwando."

Gari na wayewa, bakuna ɗari biyar suka buɗe: "Abinci! Abinci!" Sai Barmo ya ruga wajen Dila. Dila ya ce akwai masara, akwai dusa, amma sun yi tsada bana. Sai Barmo ya ba da jakinsa. Ya dawo ya ce, "To, ina ƙwai?"

Wata baƙar tsakuwa mai baki ta ce, "Sai mun yi wata biyar."

Ana nan sai mura ta shiga akurki, arba'in suka miƙe ƙafa. Dila ya ce akwai magani. Sai Barmo ya ba da awakinsa. "To, ina ƙwai?"

Baƙar tsakuwar ta ce, "Saura wata biyu."

Abinci ya sake ƙarewa. Sai Barmo ya kwance kwanon rufin ɗakinsa ya kai wa Dila. Tabawa ta dubi sararin sama daga kan gado.

Ran nan da hantsi sai kyarkyara ta cika gida. Ƙwai ko'ina! Barmo ya yi rawa, ya jera kiret goma, ya nufi kasuwa. Yana isa sai ya tarar da magidantan garin su goma sha ɗaya a jere, kowa da ƙwansa a gaba, kowa ba gona. Masu sayarwa birjik, ba mai saye. Rana ta take, ƙwai ba ya jira.

Can sai ga Dila da mota, zai kai kaya birni. Ya ce kiret uku, tiyar masara ɗaya, wanda bai yarda ba ya koma da abinsa.

Barmo ya ce, "Malam Dila, kai ina naka kajin?"

Dila ya ce, "Ai ni na bar kiwon kaji tuntuni, wahala gare shi. Yanzu ku nake kiwo."

Barmo ya sayar da rabi, ya ɗora sauran a ka. Safe ƙwai, rana ƙwai, dare ƙwai. A shekarar nan yaran garin suka yi kumatu, iyayensu suka rame.

Shi ya sa, kafin ka ƙirga abin da kaza za ta ajiye maka, fara tambayar a hannun wa abincinta yake.

Ƙurunƙus, kan ɗan tsako.