Tsiron Da Bai Ci Sunan Jatau Ba

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, ana ce masa Malam Barmo. Masanin tsirrai ne a wani lambun bincike. Aikinsa ya duba fure da ganye, ya ce wannan dangin wake ne, kamar tsamiya da ɗorawa, wancan dangin auduga ne, kamar kuɓewa da kuka.

Ku saurara. A al'adar masu wannan ilimi, wanda ya gano tsiron da ba a sani ba shi ke raɗa masa sunan kimiyya, sunan ya zauna har abada. In kuwa an riga an raɗa, shi ke nan.

To, bawan Allah ya samo wani gajeren tsiro a kan dutse. Aka duba, aka ce sabo ne. Barmo har da hawaye, ya ce sunan mahaifinsa Jatau zai sa masa, manomin da ya wahala da shi, wanda ko kabarinsa ruwa ya shafe.

Ya dasa tsiron a lambu. Tsiron ya sha ruwa, ya miƙe, ya yi fure. Barmo na ganin furen ya gane shi. Ashe ramar daji ce da aka sani tuntuni, ƙishirwa ce ta tsumburar da ita.

Ya je ya gaya wa shugabansa, Dakta Mamuda.

Dakta ya ce, "Wa ya ga furen?"

"Ni kaɗai, ranka ya daɗe."

"To tsinke shi mana! Mun riga mun gayyaci manya bikin raɗin sunan. Ba ka son ubanka ne?"

Barmo ya ce, "Tsohon nan bai taɓa ciyar da ni da ƙarya ba. Ba zan rataya sunansa a jikinta ba."

Kuna jira in ce an yaba masa, ko? Ina! Korarsa aka yi. 'Yan'uwansa suka ce ya tozarta ubansu. Barmo ya rasu ana nuna shi da baki, Dakta kuwa ya yi ritaya da lambar yabo. Wallahi abin na min ciwo.

Jama'a, gaskiya ba ta yi wa kowa alkawarin tafi ba, ladanta yana wajen Allah. Mu fa? Mukan ce don iyaye muka yi ƙarya, don 'ya'ya muka yi ƙarya. Kowa a nan ya san furen da shi kaɗai ya gani. Ka je gida ka tambayi kanka ko ka tsinke shi.