Yadda Kurege Ya Ci Tseren Keke a Dutsen Marke

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata shekara, bayan an gama cirar gyaɗa, namun daji suka shirya tseren keke a kan titin da ya hau Dutsen Marke. Tsawon titin kilomita tara ne, lanƙwasarsa goma sha ɗaya. Kyautar da aka sa buhun ɓararriyar gyaɗa ne guda. Aka naɗa Kunkuru alƙali, ya rubuta doka biyu a littafinsa. Ta farko, wanda alƙali ya fara gani da idonsa ya ƙetare layin da ke ƙololuwa, shi ya ci. Ta biyu, wanda ya yanke hanya, a yanke masa wutsiya.

Ana gobe tsere, Kurege ya hau kekensa domin ya san hanyar. Lanƙwasa biyu ya yi ya fara haki, sauran tara kuwa tura keken ya yi. Amma ya lura da abu biyu: titin ya nannaɗe dutsen kamar rawani, kuma bayan lanƙwasa ta goma akwai 'yar gangara kafin hawan ƙarshe. Da yake haƙa gadonsa ce, ya wuni yana haƙa rami daga lanƙwasa ta biyu zuwa ta goma.

Washegari da ƙarfe bakwai Kunkuru ya busa usur, aka zabura. Kurege ya bari kowa ya wuce, ya ja keke ya faɗa rami. Ya ja, ya ja, har ya ɓullo. Ƙasa ta cika masa ido, kansa yana juyawa, gabas da yamma suka rikice masa. Ya ɗare keke, ya ji yana tafiya da kansa, ya ce a ransa 'yar gangarar nan ce ta jiya.

Gangara ta ƙi ƙarewa. Can sai ga Biri yana tahowa, gumi sharkaf. Biri ya gaya masa ya ba ƙololuwa baya. Kurege ya auna maganar, ya ga da shi ne a gurbin Biri, irin ƙaryar da zai yi ke nan, saboda haka ya ƙara wuta. Bunsuru ya faɗa masa haka, Kura ma haka. Ya yi mamakin yadda duka suka ɓata hanya tare, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Bai tsaya ba sai da ya hango alƙali da buhu. Ya ɗaga hannu, ya ce ya ci.

Kunkuru ya duba agogo, ya ce, "Nan ne mafari, yaro. Ni ban tashi ba tukuna, ina neman mai ɗora mini buhu. Kai da ka tafi bakwai, yaya ka fito daga sama bakwai da arba'in?" Ya kuwa zuba wa wutsiyar Kurege ido.

Kurege ya naɗe wutsiyarsa a cinya, ya durƙusa ya ce, "Baba, tausayinka ne ya dawo da ni. Wane ɗa ne zai bar dattijo ya hau dutse da kaya?"

Aka ɗaure buhu a kariyar bayan keke, Kunkuru ya zauna a kai. Kurege ya taka, ya taka, idanunsa suka firfito. A lanƙwasa ta uku ya roƙi a tsaya ya gyara ɗauri, ya huda gindin buhun da haƙori. Ya ce a ransa ai gyaɗar wani ce yanzu, gara ta zube ya dawo ya tsince. Keke ya riƙa sauƙi. Kunkuru ya yaba da yadda mazauninsa ke ƙara taushi.

Da azahar suka isa, suka tarar kowa ya gaji da jira, Biri yana amsar barka. Nan dabara ta faɗo wa Kurege. Ya nemi a karanta doka ta farko, ya tambayi alƙali wa ya fara gani da idonsa ya ƙetare layi. Kunkuru ya buɗe littafi, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya ce tun hantsi ƙeyar Kurege kaɗai yake gani, kuma shi shaida ne an bi lanƙwasa goma sha ɗaya cif.

Wuri ya kaure. Biri ya ce shi ya zo na farko, Kunkuru ya ce bai musa ba, amma bai gani ba. Ya sauka daga buhu, ya ce Kurege ya ɗauki kyautarsa.

Kurege ya zazzage buhu. Ƙwaya bakwai suka faɗo. Ya leƙa gangare, ya hango garken zabi sun jeru a titi, suna hawowa a hankali, kai a ƙasa, suna tsintar gyaɗa.

Kurunkus kan kurege, wutsiya dai ta tsira. Darasi kuwa: kafin ka huda buhun wani, ka bari a gama karanta doka.