Sarkin Hanya Ya Ƙi Durƙusawa Gaban Tayarsa

An yi wani mutum a nan Bronx ɗinmu, wajen Soundview. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ku daina waige-waige, ba ya cikin masallacin nan yau. Direba ne na gaske. Ya ja babbar mota tsakanin Kumasi da Tamale tun yana saurayi, ya zo ƙasar nan ya ja tasi har gemunsa ya yi fari. Duk tsawon shekarun nan mota ba ta taɓa kwana da shi a hanya ba, bai kuma taɓa goge motar wani ba.

Ya 'yan uwa, wannan baiwa ce daga Allah. Amma shi sai ya ɗauka daga tafin hannunsa ta fito. In ya zauna a majalisa, kafin shayi ya huce ya ce, "Ni da kuke gani, mota ba ta taɓa kunyata ni ba." Abokai suka laƙaba masa Sarkin Hanya da wasa, shi kuwa ya riƙe sunan da gaske. In ba da shi ka kira shi ba, ko sallamarka da ƙyar yake amsawa.

Da ya rage tuƙin tasi sai ya sayi tirelar kwana, irin ɗakin nan mai tayoyi da ake ɗaura wa mota a baya a tafi daji shan iska. Ta hannu ya saya, amma tana da kyau: ga gado, ga murhu, ga tankin ruwa. Ya ajiye ta a wani fili bayan shagon abokinsa. Sau ɗaya take fita a shekara, sauran watanni tana tsaye, ƙanƙara ta rufe ta, rana ta gasa ta. Duk Lahadi yakan je ya wanke ta, ya shafa wa tayoyin man ƙyalli har su yi baƙi wuluk, ya ɗauki hoto ya tura wa 'yan uwa a gida. Tayoyin da ta zo da su ne a jikinta, in ban da guda ɗaya da ta yi faci ta sace. Ita wannan ya maye gurbinta da tayar ƙaramar mota ta gwanjo, don ya ga girmansu ɗaya.

To, kun san al'adarmu: in zafi ya shigo, jama'ar masallaci kan fita can arewa bakin tafki, yara su ga ciyawa, manya su miƙe ƙafa. A waccan shekara Hajiya Salamatou, dattijuwar nan 'yar Damagaram da ke jagorantar girkin mata, ta tara su suka yi kwana biyu a bakin wuta. Aka yi wake da shinkafa irin na Zangon Kumasi, aka yi dambu, aka soya kaji, aka cika robobi da shito, soyayyen yajin nan mai mai, da kuma fura. An shirya a raba kayan cikin motoci da yawa. Mutumin nan ya miƙe ya ce ina, abinci gaba ɗaya a tirelarsa zai tafi, kuma shi ne zai ja gaban ayari. Me yake nema? Yana so in an isa a buɗe ƙofa a ce Sarkin Hanya ne ya ciyar da jama'a.

Aka amince masa, domin sunansa ya kai a amince. Abincin mutum fiye da ɗari ya zama amana a hannunsa.

Allah ba ya barin bawa ba gargaɗi. Ana gobe tafiya, matarsa Rafia tana jera tukwane, ɗan kunnenta ya faɗi kusa da taya. Da ta sunkuya ɗauka sai ta ga gefen tayar ya yi tsaga-tsaga ƙanana, kamar dunduniya mai faso. Ta ce, "Alhaji, zo ka ga jikin tayar nan." Ya ce, "Hajiya, ki ji da tukwanenki, ni in ji da tayoyina."

Da safe kuma Inusah, wanda zai tuƙa bas ɗin yara a bayansa, ya zo ya gaishe shi da ladabi. Ya ce, "Alhaji, ni ma ba sani na yi ba, a wurin masu taya na ji. Wai kowace taya tana da ranar haihuwarta a rubuce a gefe. Ko za mu ɗan durƙusa mu duba?"

Mutumin nan yana sanye da farar jallabiya sabuwar guga, mutane kuma suna kallo. Ya yi dariya. Ya ce, "Ni zan durƙusa gaban taya? Yaro, ina sauya taya a dajin Kintampo ba a haife ka ba." Ya ɗaga ƙafa ya shuri tayar, ta yi dum. Ya nuna zanenta da yatsa ya ce, "Ka ga ta suɗe? Sabuwa ful. Sauran kuma Allah ne mai tsarewa."

A nan ne iliminsa ya yaudare shi, ya 'yan uwa, kuma zai iya yaudarar rabin direbobin da ke zaune a gabana. Mu da muka saba da tasi da manyan motoci, mun san taya da gudu take mutuwa: tana aiki, zane yana cinyewa, in ta suɗe ka cire ta. Tayar tirelar kwana kuwa a tsaye take mutuwa. Zanenta na nan cif, amma robar ta tsufa ta bushe, ƙarfinta ya tafi daga ciki. Shuri ba ya nuna wannan, man ƙyalli kuwa rufe shi yake yi.

Aka loda kaya. Bayan abinci aka ƙara janareta, tukwanen gas, tabarmi, kujeru, ya kuma cika tankin ruwa har baki. Tirela ta zauna a kan tayoyinta kamar kaza a kan ƙwai. Iska kuwa bai auna ba, wai idonsa ya fi geji.

Ayari ya kama babbar hanyar arewa, rana ta take, kwalta ta yi zafi. Rafia da Hajiya Salamatou suna cikin motarsa. Ya leƙa madubi ya ga motoci sun jeru a bayansa, daɗi ya kama shi, ya ƙara taka mai. Hajiya Salamatou ta ce, "Alhaji, a hankali, akwai miya a baya." Ya ce, "Hajiya, ko cokali ɗaya ba zai zube ba."

Bai gama rufe baki ba aka ji daram!

Tayar gwanjon ce ta fara fashewa. Nauyi ya koma kan tsohuwar da ke kusa da ita, ita ma ta ce ga garinku nan. Robar da ta yage ta riƙa dukan cikin tirela har ta farke daɓen, ta tsinke bututun ruwa. Wani ɓallin taya ya tashi sama ya wuce gilashin bas ɗin yara da ɗan kaɗan. Ku tsaya a nan, ya 'yan uwa, ban da dariya. Da ya sauko ƙasa taki ɗaya, da yau wani labari nake ba ku, kuma da ba wanda zai yi murmushi. Allah ne ya rufa asiri, ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

Gaskiya a faɗe ta, ya iya riƙe sitiyari. Bai danna burki da ƙarfi ba, ya lallaɓa har gefen hanya. Amma tirela ta karkata ta jingina da ƙarfen gefen titi, ƙofarta ta wangale. Wake da shinkafa suka bazu a kwalta, kaji suka gangara cikin kwata, shito da fura suka haɗu suka yi wani launi da ban taɓa gani ba. Ya zagaya ya ciro safaya, sai ya tarar ita ma ta bushe, ba iska a cikinta ko kaɗan.

Motocin jama'a suka tsaya a baya ɗaya bayan ɗaya. Ɗan sanda ya iso ya ce a kwashe abin da ya zube kafin janwe ta zo. Wa zai kwashe? Mutumin da ya ƙi durƙusawa da safe don kar jallabiyarsa ta taɓa ƙasa, shi ne ya yini a kan gwiwoyinsa a bakin titi, yana tattara murafen tukwane, manja har ƙirji, jama'a gaba ɗaya suna kallo. Hajiya Salamatou ba ta zage shi ba. Ta dubi girkin kwana biyu a kwalta, ta share ido da mayafi, ta ce, "Alhaji, ka yi gaskiya. Ba cokali ɗaya ne ya zube ba."

A ranar yara biredi da ruwa suka ci a bakin tafki. Tirela ta tafi wurin 'yan gwangwan. Sunan Sarkin Hanya kuma ya mutu a wurin, yaran unguwa suka sauya masa da Alhaji Wake-a-Titi. Shekarar da ta biyo, da aka zo rabon kaya, cokula kawai aka ba shi ya riƙe.

Ya 'yan uwa, taya ce ta kayar da shi? A'a, girman kai ne. Matarsa ta gaya masa, ya raina ta don mace ce. Inusah ya gaya masa, ya raina shi don yaro ne. Sannan ya ɗauki sunan Allah ya lulluɓe ragwancinsa da shi. Dogara ga Allah bayan ka yi naka yake zuwa, ba a madadinsa ba.

Don haka duk mai tirela a cikinku, kafin mu fita bana, ya je ya durƙusa. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ta haura shekara biyar ko shida, ka sallame ta ko da zanenta yana sheƙi. Ka sayi sabuwa wadda aka yi don tirela, za ka ga harafin S da T a farkon lambarta, kar ka aro ta ƙaramar mota. Ka duba nauyin da aka rubuta za ta iya ɗauka, ya zama ya fi kayanka, ka kuma kiyaye iyakar gudunta. Ka auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, har da safaya. In za ta daɗe a tsaye, ka rufe ta daga rana. Wannan duk ba zai ɗauke ka lokacin shan shayi biyu ba.

Sannan ka duba zuciyarka haka nan. Yaushe rabon da wani ƙarami ya gyara maka, ka ce na gode? Wa ya yi maka nasiha a makon nan ka shure ta da ƙafa? Mu da muke kai goshi ƙasa kullum a gaban Ubangiji, bai kamata gwiwarmu ta yi mana nauyi ba in amanar mutane tana hannunmu.

Allah ya raba mu da girman kai. Allah ya ba mu kunnen jin gyara ko daga bakin wa ya fito. Ya kai mu bakin tafki lafiya, mu da 'ya'yanmu da tukwanen Hajiya, ya dawo da mu lafiya. Allah ya kiyaye mu, amin.