Sandar Mantau a Ƙofar Fada

An ruwaito a wani tsohon littafi da na gada wurin kakana, wanda gara ta cinye gefensa amma ta yi mana kara ta bar tsakiya, cewa a Birnin Gwalamma an yi wani Sarki mai suna Jatau. A zamaninsa, duk wanda alƙali ya yanke wa hukunci bai gamsu ba, sai ya je ƙofar fada ya kafa sandarsa, ya ɗaukaka ƙara ke nan. Ranar sauraro shi zai cire ta da hannunsa ya shiga gaban Sarki. In kuwa aka cire ta ba a saurara ba, hukuncin alƙali ya zauna har abada.

To, akwai wasu fatake biyu maƙwabta, Mantau da Arzika, da suka yi jayayya a kan rijiyar da ke tsakanin gidajensu. Mantau ya rantse ubansa ne ya haƙa ta. Arzika ya kawo dattawa da suka ce uban Arzika suka gani tsaye a kan masu haƙa. Alƙali ya ba Arzika rijiya, ya kuma ce Mantau ya yi rantsuwar ƙarya, kada a sake karɓar shaidarsa a garin. Da damina aka yi wannan. Mantau ya kafa sandarsa, ya roƙi a jinkirta masa sai bazara, bai faɗi dalili ba. Allah bai nufe shi da ganin bazarar ba, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya cika.

Ya bar 'ya'ya biyu, Yalwa da ƙanenta Cindo. Bayan an share makoki Arzika ya zo musu, ya ce, "'Ya'yana, ba na shari'a da mamaci. Ku cire sandar nan, na bar muku rijiyar duka." Kada ku ce tsabar kirki ne. Shi ma tsoro yake ji, don bai san abin da Mantau ya riƙe ba.

Cindo har ya fara godiya. Yalwa ta ce, "Baba, mun gode. Amma in muka cire, me alƙali ya ce da mahaifinmu?"

Cindo ya ce, "Haba Yaya! Ana ba mu rijiya kina tono?" Ita dai ta ɗauki mayafinta ta nufi fada, su kuma suka bi ta.

Da ta faɗi ta yi gaisuwa ta kawo buƙatarta, sai Sarki ya dubi Wazirinsa ya ce, "Ga tambaya. Hannun da ya kafa sanda yana ƙarƙashin ƙasa. Ƙarar ta bi shi, ko tana nan?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an faɗa cewa a zamanin kakanka wani mutum ya yi ƙarar maƙwabcinsa a kan abu biyu, ya ƙwace masa raƙumi, ya kuma zage shi. Alƙali ya kore shi, ya kafa sanda, ya mutu. Ɗansa ya zo. Kakanka ya ce ɗan ya tsaya a kan raƙumi, don raƙumi ana gadonsa, amma zagi an binne shi tare da kunnen da ya ji shi. Saboda haka magajin da ya zo kafin sadakar arba'in yana iya cire sanda a kan dukiya. Rijiya dukiya ce. Maganar rantsuwa kuwa ta Mantau ce shi kaɗai, ta bi shi."

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne!" Su dai ko me Waziri ya ce gaskiya ne.

Yalwa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san labarin da ba, na jiya na sani. An ɗaura aure a unguwarmu, aka nemi shaidu, ƙanena wannan ya miƙe. Wani dattijo ya ce masa, zauna yaro, gidanku ba a karɓar shaida. Ya dawo bai iya cin tuwo ba. In maganar ta bi mahaifinmu kabari, wa ya tono ta ya kai ta wurin ɗaurin aure?"

Cindo ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a rigarsa. Wallahi duk sanda na zo nan a karatu sai zuciyata ta karye.

Sai Sarki ya ce, "Waziri, zagin maƙwabci daban, hukuncin alƙali daban. Hukunci yana zama a gida bayan mai gida ya tafi, don haka magaji zai iya tsayawa a kansa. Amma ki sani, baiwar Allah, wanda ya gaji ƙara ya gaji faɗuwarta. In kika faɗi, ba rijiya, ba suna."

Ta ce, "Na yarda." Ta fita ta kama sandar, ƙasa ta riƙe ta gam. Sai ga Cindo ya zo ya sa hannu, suka tumɓuke ta tare.

Sarki ya tambayi Yalwa me ya sa mahaifinta ya nemi a jira bazara. Ta ce abin da ta sani shi ne kullum yakan leƙa rijiyar ya ce ruwa bai ja ba tukuna. Nan Waziri ya tuna cewa mutanen da, in sun haƙa rijiya, sukan sassaƙa alamar raƙumansu a dutsen da ke can ƙasan rijiyar. Lokacin kuwa bazara ta kama, ruwa ya ja. Aka zura mutum da igiya, ya leƙa, ya ɗaga murya ya ce, "Alama biyu ce, ta gidan Mantau da ta gidan Arzika, gefe da gefe!"

Ashe iyayen tare suka haƙa ta. Arzika ya zauna a ƙasa yana salati. Sarki ya raba rijiya tsakanin gidajen biyu, ya sa mai shela ya zaga kasuwa yana cewa Mantau bai yi rantsuwar ƙarya ba. Yalwa kuma ya ba ta kyautar zane na alfarma.

Mai littafin ya rufe da cewa, kada mai mulki ya ce ƙara ta mutu sai ya duba wanda hukuncin ya bari da rai. Ni kuma abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ya rubuta a gefen da gara ta kusa cinyewa. Wai a hanyar gida wata mata ta ce wa Yalwa, "Ke kam kin yi wauta, an ba ki duka kin koma rabi." A daidai lokacin sai wani ya ƙwala wa Cindo kira daga wani zaure: "Ɗan Mantau, zo ka zama mana shaida."